A koya wa ma'aikatan lafiyarmu duba muƙamuƙi kafin a cire haƙori

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu tsara karatun ma'aikatan lafiya a Jihar Katsina, da kuma hukumomin tarayya da ke ba mu lasisin aiki. Ni ma'aikaciyar kula da haƙori ce, ba likita ba. Aikina wankin haƙori ne da ciko da wayar da kan jama'a, kuma a nan Daura na yi mafi yawan shekarun aikina. Ɗalibai kan zo wurinmu koyon aiki, kuma abin da nake gani a tare da su ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yaro zai zo ya haddace sunayen haƙora 32 ɗaya bayan ɗaya, ya san kowane ƙarfe na cirewa da inda ake kama shi. Amma ka ce masa ya ɗora yatsa a kan gaɓar muƙamuƙin mara lafiya ya gaya maka abin da ya ji, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne. Ko dai ba a koya masa ba, ko an taɓo abin a darasi ɗaya an wuce.

Mai karatu ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, dab da ramin kunnen, ya buɗe baki ya rufe. Abin da ya ji yana motsi, ita ce gaɓar da nake magana a kai. Guda biyu ce, dama da hagu, kuma ƙashi ɗaya ne ya haɗa su, don haka ɗaya ba ta motsawa ba tare da 'yar'uwarta ba. Tsakanin kan ƙashin da ƙoƙon kai akwai wani ɗan faifai mai kama da guringuntsi da ke hana su gogar juna. In an ɗan buɗe baki, kan ƙashin juyawa kawai yake yi a mazauninsa. In an wangame, sai ya zame gaba tare da faifan. Tsokokin da ke wannan aiki suna kunci, da gefen kai sama da kunne, da kuma can ciki inda yatsa ba ya kai wa sosai. Abin da ke rikita mutane shi ne, babbar jijiya guda ce ke ɗaukar saƙon ciwo daga haƙora da fuska da gaɓar da tsokokin nan har da wani sashe na kunne. Saboda haka tsokar kunci ta kan gaji ta yi tsami, amma mai ita ya rantse maka cewa haƙorinsa na turmi ne ke ciwo, ko kunnensa.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mana daga wani ƙauye ta wajen Sandamu, da goyo a bayanta. Tana zama a kujera ta ce a cire mata haƙori. Da na duba bakinta, sai na ga ɓangaren hagu na ƙasa wayam, an riga an cire turamen a wani wuri, ɗaya bayan ɗaya, kowane da kuɗinsa. Waɗanda suka rage kuwa lafiyarsu ƙalau, babu rami, babu kumburin dasashi, sai dai samansu ya shafe sumul kamar an bi su da magagari. Na ce, “Baiwar Allah, nuna mini inda ke miki ciwo.” Ba ta nuna da yatsa ɗaya ba yadda mai ciwon haƙori kan yi. Tafin hannunta gaba ɗaya ta shimfiɗa daga haɓa har kunne, ta ce, “Malama, duk nan ne, har cikin kaina.” Na ce ta cije haƙora, na kama tsokar kuncin da ta taso, na ce ta saki, sannan na danna. Sai ta zabura ta riƙe mini hannu. “Wayyo, shi ne! Wallahi har cikin ramin wanda aka cire nake jin sa.” Da muka ci gaba da hira ta ce kullum da asuba muƙamuƙinta kan yi nauyi, kuma 'yarta da suke kwana ɗaki ɗaya ta sha tashinta cikin dare saboda ƙarar haƙoranta. Likitanmu ya duba ya tabbatar ciwon tsoka ne. Gashi da ruwan ɗumi, da abinci mai laushi, da rage goro, da maganin raɗaɗi na 'yan kwanaki, su suka kawo mata sauƙi. Haƙoran da aka cire kuwa sun tafi ke nan. An bar jaki an yi ta dukan taiki.

Ban yarda cewa wanda ya cire mata haƙoran mugu ba ne. Abin da ya sani ya yi. Mara lafiya ta nuna wuri ta ce a cire, shi kuma duk karatunsa bai wuce haƙori da dasashi ba. Gyaran yana can inda aka horar da shi.

Makarantar koyon likitan haƙori ta farko a Najeriya a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, sannan Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ta daɗe ba ta da ko ɗaya kafin a samu ta Jami'ar Maiduguri da ta Jami'ar Bayero a Kano. Karatun shekara 6 ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai yi wa ƙasa hidima. Waɗanda suka kammala, da yawansu manyan birane ke riƙe su, wasu kuma su tsallaka ƙasashen waje. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 34, likitocin haƙorin da muke da su kuwa yawancinsu suna cikin manyan garuruwa. To wa ke fara ganin mutumin Baure ko Zango ko Mai'aduwa da ciwon gaban kunne? Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ne, ko mai kemis, ko wanzami. Na farkon nan makarantunmu na koyon aikin lafiya ne ke yaye shi, irin na Kankiya da na nan Daura. Idan ba a sa wannan darasi a can ba, ko an koyar da shi a jami'a ba zai kai ga mutanen karkara ba.

Su ma matasan likitocin da muka yi aiki tare, abin da suke gaya mini shi ne darasin a warwatse yake. A koyi ƙirar gaɓar a shekarun farko, a ga manyan ayyukan fiɗa a shekarun ƙarshe, amma ciwon tsoka na yau da kullum, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, ba shi da wani gida takamaimai a manhaja.

Wannan giɓi ba mu kaɗai muka yi fama da shi ba, kuma tarihin abin a ƙasashen Turawa ya kamata kowane ɗalibi ya ji shi. A 1934 wani likitan kunne na Amurka mai suna James Costen ya rubuta cewa ciwon kunne da na gefen fuska da yake gani a wasu marasa lafiya daga rashin daidaiton haƙora yake, musamman ga waɗanda suka rasa turame. Maganarsa ta yi tasiri ƙwarai. Aka shafe shekaru ana goge haƙoran mutane masu lafiya, ana sa musu rawanin ƙarfe, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, wai don a daidaita cizo. Daga baya aka koma yi wa gaɓar fiɗa. Wani kamfani mai suna Vitek ya ƙera faifan roba da ake dasawa a madadin na halitta. Robar ta riƙa farfashewa a cikin gaɓa tana cinye ƙashi, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi a 1990, bayan ya nakasa mutane masu yawa, galibinsu mata. Sai a 1992 masana suka fitar da tsari guda na gano waɗannan cututtuka, aka sabunta shi a 2014. A 2020 ne Amurka ta amince da ciwon baki da fuska a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa, kuma sai daga 2022 ya zama wajibi makarantun haƙorinsu su koyar da ciwon gaɓar muƙamuƙi ga kowane ɗalibi. Abin da suka gano bayan duk wannan wahala shi ne, yanayin haɗuwar haƙora ba shi ne babban dalili ba, mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi da kulawa mai sauƙi, kuma kada a fara da abin da ba a iya mayarwa. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta fitar da jagora kan ciwon da ya wuce wata 3, inda ta fifita motsa muƙamuƙi bisa koyarwa, da tausar tsoka, da taimaka wa mutum kan damuwarsa, ta kuma yi hani mai ƙarfi ga cire faifan gaɓar da haɗa maganin raɗaɗi da dangin tramadol da kodin. Mu da muka zo a baya, ba mu da dalilin sake faɗawa ramin da suka riga suka fito daga ciki.

Sai batun cizon haƙora. A wurinmu in yaro yana gurza haƙora cikin barci, abu na farko da kaka za ta ce shi ne tsutsar ciki ce, wasu su ce mafarkin tsoro ne ko iska. Ba yaro maganin tsutsa a kan lokaci abu ne mai kyau don kansa, amma ba a tabbatar da cewa tsutsa ce ke sa cizon ba. Yara da yawa suna yi, kuma mafi yawansu suna bari da kansu in sun girma. Abin da ya fi cancanta a tambayi uwa shi ne, yana minshari? Yana kwana baki buɗe? Numfashinsa yana ɗaukewa? Domin toshewar hanci da kumburin 'yan wuya na iya tafiya tare da cizon, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne.

Na manya iri biyu ne. Akwai na barci, wanda mutum bai san yana yi ba sai abokin kwanansa ya gaya masa. Wannan daga ƙwaƙwalwa yake tasowa a daidai lokacin da barci ya ɗan yi sama-sama, ba daga haƙoran ba. Akwai kuma na ido biyu, wanda ba shi da ƙara, matsewa ce kawai. Direba a kan hanyar Kano, tela a kan keke, ɗalibi a gaban takardar jarrabawa, mace tana tunanin abin da za a ɗora a tukunya. A ƙa'ida, in mutum yana zaune ba ya ci ba ya haɗiya, leɓɓansa ne ke haɗe, haƙoran sama da na ƙasa akwai 'yar tazara tsakaninsu. Na sha gaya wa mutane haka su yi mamaki, domin su tun safe har dare nasu a manne suke. Abubuwan da aka san suna ƙara shi sun haɗa da damuwa, da taba, da giya, da ƙwayoyin hana barci da matasa ke sha, da wasu magungunan ciwon damuwa na asibiti, da kuma sinadarin da ke cikin kofi da shayi. Sinadarin nan shi ne ke cikin goro. Dattijon da ke tauna goro daga hantsi har bayan isha'i ya haɗa abu biyu: ya gajiyar da tsoka da tauna, ya kuma ɓata wa kansa barci. Ban taɓa jin an kawo misalin goro a darasin da ɗalibanmu suka zo da shi ba, alhali shi ne a gabanmu.

Akwai abin da nake gani a 'yan shekarun nan da ke taɓa mini zuciya. Matan da rashin tsaro ya raba da garuruwansu ta wajen Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda suka zo suka raɓe wurin dangi, in suka zo da ciwon kai da ciwon fuska na duba bakinsu, sau da yawa nakan ga shatin haƙora a gefen harshe da farin layi a cikin kunci, alamar an daɗe ana matsewa. Irin wannan mace ba kafso take buƙata ba. Tana buƙatar wanda zai ce mata, “Inna, yaya barcinki?” ya kuma tsaya ya saurari amsar. Wannan ma koyonsa ake yi, kuma a makaranta ya kamata a fara.

Ɗalibi ya kuma san cewa ba duk haƙorin da ya zaizaye ne cizo ya cinye shi ba. Tsamin lemo da tsamiya da lemon kwalba, da ƙwannafi mai dawo da ruwan ciki baki, suna narkar da ɓawon haƙori. Goge baki da gawayi ko toka ko aswaki mai tauri da ƙarfin tsiya yana yanke wuyan haƙori ta gefen dasashi. Kowanne da kamanninsa. Kuma ko cizon ne ya yi ɓarnar, mai yiwuwa ne an yi shi shekarun baya an daina. Robar da ake sanya wa haƙora da dare tana kare su daga zaizaya da tsagewa, amma ba ta hana cizon kansa. Sai an ɗauki awon bakin mutum, mai ƙera haƙoran roba ya yi ta daidai da shi, ta rufe duk haƙoran jeri guda, a kuma riƙa dubawa lokaci-lokaci. Wadda ake saya a intanet ko wadda ta rufe rabin haƙora kawai tana iya kautar da su daga mazauninsu, a wayi gari baki ba ya rufuwa daidai.

Abin da nake so a koyar ba wani abu ne mai tsada ba. Binciken bai fi na minti biyar ba. A tambayi mutum ko ciwon yana ƙaruwa da tauna ko hamma ko doguwar magana. A ce ya nuna wurin da hannunsa. A auna buɗewar baki: lafiyayyen babba yakan buɗe kimanin milimita 40 zuwa 50, wato ya iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba. A kalli haɓa ko tana karkata gefe guda. A danna tsokar kunci da ta gefen kai da gaban kunne, a tambaye shi, “Wannan shi ne ciwon da ya kawo ka?” Wannan tambayar ita ce ginshiƙin binciken duka, domin kowa ka danna shi da ƙarfi zai ji zafi, amma mai ciwon tsoka zai gane ciwonsa. Ƙarar ƙas-ƙas da gaɓa ke yi ba tare da ciwo ko maƙalewa ba, mutane da yawa suna da ita, kuma ba ta buƙatar magani. A kwantar wa mutum da hankali kawai. In an tabbatar tsoka ce ko gaɓa, shawarar da za a ba shi da harshen da ya sani ce: ya ɗan huta da rake da kilishi da ganda da aya da goruba da ƙanzo da cingam, ya koma kunu da fate da alale da fura da tuwo mai laushi na ɗan lokaci, ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya gasa kunci safe da yamma, ya tallafe haɓa in zai yi hamma, ya riƙa tuna raba haƙoransa. Kuma a ja masa kunne kan shan diklofenak da ibuprofen wata da watanni ba da sanin likita ba, domin olsa da ciwon ƙoda suna biyo baya.

Haka nan dole a koya masa gane abin da ba nasa ba ne, ya tura da gaggawa. Bakin da ya ƙi buɗuwa tare da kumburi da zazzaɓi, musamman in kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, ruɓar haƙori ce ta bazu, kuma tana iya toshe numfashi cikin kwana ɗaya. Muƙamuƙin da ya sandare bayan rauni ko kaciya ko haihuwa a gida, a yi tunanin cutar sarƙe haƙora. Dattijon da muƙamuƙinsa ke ciwo in ya yi tafiya, ƙirji na masa nauyi, zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Leɓen da ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙullutu, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, a tura a duba ko daji ne. Wanda bakinsa ya karkace bayan allurar tsayar da amai ko maganin taɓin hankali, maganin ne ya jawo, kuma akwai allurar da ke warware shi.

Abu biyu ne suka fi damuna, domin su ne jinkiri ke mayar da su babbar musiba. Na farko gocewar muƙamuƙi. Mutum ya yi hamma ko ya yi amai, sai baki ya ƙi rufuwa. Miyau na zuba, magana ba ta fita, gaban kunne ya lotsa. 'Yan'uwa su ce iska ce ta buge shi ko shanyewar ɓarin jiki ce, a shiga rubutu da hayaƙi. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita na dogara, amma a haɗa da asibiti a ranar. In an zo da wuri, ma'aikacin da aka horar zai naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora su kan turamen ƙasa, ya danna ƙasa sannan baya, ƙashi ya koma mazauninsa nan take. Tsoffin likitocin Masar da Girka sun rubuta wannan dabara tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. In kuwa aka bari ya yi makonni, tsoka ta ɗaure, sai an shiga ɗakin tiyata an sa mutum barci, wani lokaci ma sai an yanka. Kada wani ya karanta wannan ya gwada a gida, domin karaya tana kama da gocewa, kuma bambance su shi ne abin da nake roƙon a koyar.

Na biyu shi ne haɗewar gaɓa a yara. Yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ko bayan babur ya bugu a haɓa. A kai shi asibiti, a ɗinke yankan haɓar, a sallame shi. Ba wanda ya taɓa gaban kunnensa, alhali ƙarfin bugun can yake ƙarewa, ya tsaga kan ƙashin, jini ya taru a cikin gaɓa. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ma yana iya kai cuta wurin. A hankali baki ya riƙa raguwa, har ƙashi ya haɗe da ƙashi. Na ga wani yaro da bai wuce shekara tara ba, mahaifiyarsa ta kawo shi wai a duba warin baki. Haɓarsa ta shige ciki saboda muƙamuƙin ƙasa ya daina girma, ga tabon ɗinki a ƙarƙashinta. Ko katakon danne harshe guda ɗaya da ƙyar ya shiga tsakanin haƙoransa. Na ce, “Maman yaro, da me yake rayuwa?” Ta ce kunu da koko take ɗura masa ta giɓin wani haƙori da ya faɗi, tuwo kuwa sai ta dama shi da miya ya zama ruwa. Tun yaushe? Tun da ya faɗo daga kan amalanke, kafin a sa shi makarantar allo. An tura shi babban asibiti an yi masa aiki. Amma aikin rabin magani ne. Bayansa sai an shafe watanni ana buɗa bakin kullum, ana jera katakan danne harshe ana ƙara ɗaya a kan ɗaya, yaro na kuka, uwa na kuka. In babu ma'aikaci kusa da gida da ya san muhimmancin wannan ya tsaya a kai, gaɓar sake haɗewa take yi, kuɗi da wahala su tafi a banza.

Cutar noma, mai cin naman fuskar yaran da ke fama da tamowa, ita ma tana barin waɗanda suka tsira da baki a ɗaure. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Wannan ya nuna mana cewa matsalar muƙamuƙi a ƙasar Hausa tana da fuskar da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba. Manhajar da za a rubuta mana dole ta ɗauki abin da suka gano game da ciwon tsoka da cizon haƙora, ta kuma ƙara namu: faɗuwar yara, haɗarin babur, kunne mai mugunya, noma da goro.

Ina da fargaba guda. Yanzu ana tallata gajerun kwasa-kwasai ta intanet, na kwana biyu ko uku, da takardar shaida mai ƙyalli, inda ake koyar da allurar Botox mai sassauta tsoka, da na'urorin auna cizo da robobi masu tsadar gaske. Matashin likita da ya ji giɓi a karatunsa zai iya tara albashinsa ya biya, ya dawo yana ganin kowane mai ƙarar gaɓa a matsayin mai buƙatar babban aiki. In jami'o'inmu da hukumominmu ba su cike giɓin da ilimi ingantacce ba, 'yan kasuwa za su cike shi da nasu, kuma talaka ne zai biya.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura da su ware wa wannan darasi sa'o'insa, kuma a yi shi a aikace, ɗalibai su danna kuncin juna su auna bakin juna har hannunsu ya saba. Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ta riga ta wajabta wa likita ƙaro ilimi kafin ya sabunta lasisinsa. Ina roƙon ta sa wannan fanni cikin abin da ake ƙirgawa, ina kuma roƙon hukumar da ke yi wa irinmu rajista ita ma ta yi haka. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina shi ya fi dacewa ya shirya bita, ya haɗa likitocin fiɗar baki da fuska da na kunne da ma'aikatan sashen gashi a zaure guda, a gayyato ma'aikatan ƙananan asibitoci daga shiyyoyin Katsina da Daura da Funtuwa. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ma a riƙa turo su sashen haƙori su ga abin da idonsu, tunda su ne gobe za su ɗinke haɓar yaron da ya faɗo. Kayan aikin da ake buƙata safar hannu ce da 'yar rula da katakon danne harshe. A buga takarda guda da Hausar boko da ajami mai ɗauke da shawarwarin da na ambata, a ajiye a kowane asibitin sha-ka-tafi. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya, muna raba buroshi da man goge baki a makarantu. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta ba gidajen rediyonmu minti goma a ranar, a yi wa iyaye bayanin abin da za su lura da shi a bakin yaro cikin watannin da suka biyo bayan faɗuwa a kan haɓa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar sashen haƙori,
Daura, Jihar Katsina.